Shin Hakkin Da Ya Iske Mai Shi A Kabari Ya Biya?

A ƙasashen Turai da Amurka, idan hunturu ya kankama, ƙanƙara takan rufe filayen wasa, har tsayuwa a waje ma ta zama aiki, balle gudu. Saboda haka mutanen can suka gina manyan ɗakuna masu rufi, suka shimfiɗa hanyar tsere a ciki, 'yan kallo suna zaune kewaye da ita. Hanyar gajeruwa ce, kewayenta mita 200, watau rabin wadda ake yi a fili, an kuma ɗaga bakin kwanarta don kada gudu ya kwashe mutum ya fitar da shi. Tun daga shekarar 1987, sa'ad da aka fara a birnin Indiyanafolis na Amurka, ƙasashen duniya sukan aika da gwanayensu na gudu da tsalle da jifa su kara a irin wannan ɗaki, galibi bayan shekara bibbiyu.

Cikin 'yan Nijeriya da suka yi suna a wannan gasa akwai wani ɗan sanda, Sunday Bada, gwanin tseren mita 400, watau kewaye biyu ke nan na ɗakin. Ya zo na biyu a Toronto cikin 1993, ya sake zuwa na biyu a Basalona cikin 1995. Bai karaya ba. A watan Maris na 1997, a birnin Faris, ya riga kowa isa, cikin daƙiƙa 45.51. A ran nan aka kira sunansa, aka rataya masa lambar zinariya a wuya, jama'a na tafi, yana ji da kunnensa.

Shekara uku bayan wannan, cikin 2000, aka yi wasannin Olamfik a birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, wannan karon a fili. Akwai wani tsere da mutum huɗu ke yi wa ƙasarsu, kowa ya yi mita 400 riƙe da 'yar sanda, ya miƙa wa na gabansa. Nijeriya ta tsayar da Clement Chukwu, da Jude Monye, da Sunday Bada, da Enefiok Udo-Obong. Amurka ta zo ta ɗaya, su kuwa suka zo na biyu, aka ba su lambar azurfa, suka komo gida suna godiya.

Ashe da sauran magana. Cikin 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan nan huɗu, Antonio Pettigrew, ya faɗa da bakinsa gaban kotu, bisa rantsuwa, cewa ya yi ta amfani da magungunan ƙara ƙarfi waɗanda aka haramta, har da lokacin tseren Sidni. A watan Agusta na shekarar nan hukumar Olamfik ta ƙwace lambar daga hannun Amurka. Amma ba ta tabbatar wa Nijeriya da ita ba sai a watan Yuli na 2012. Sunday Bada kuwa ya riga ya mutu a Ikko ran 12 ga Disamba, 2011, yana da shekara 42.

To, ga tambaya. Hakkin da ya zo ya tarar mai shi ya kwanta dama, ya biya ko bai biya ba?

Waɗansu za su ce aikin banza ne, matacce ina ruwansa da abin wuya? Wannan magana ba ta da ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa zama a zauren alkali a Anka ko Gummi ya san dalili. A shari'a mutuwa ba ta kashe hakki. Idan mutum ya mutu ana binsa bashi, sai an biya kafin a raba gado. Idan kuwa shi ke bi, magada su tsaya a madadinsa. Gonar fadama da aka ƙwace wa uba, ɗa yana iya karɓo ta bayan an binne uban, muddin ya kawo shaidu. Da a ce mutuwar mai hakki tana wanke wanda ya ci shi, da kowane azzalumi ya sami hanya mai sauƙi, watau ya yi ta jan magana har mai ƙara ya gaji da duniya. Saboda haka mayar da lambar nan wajibi ne, ko da dukan mutanen huɗu sun ƙare.

Waɗansu kuma za su ce, ai cikin Amurkawan akwai Michael Johnson, wanda ya yi gudun ƙarshe, ba a kuwa taɓa kama shi da shan kome ba, don me za a raba shi da abin da ya yi wa gumi? Wannan ta fi ta farko nauyi. Amma a duba mutumin da ya sayi saniya a kasuwar Bukkuyum da kuɗinsa na halal, bai san ta sata ba ce. Ran da mai ita ya zo da shaidu, sai ya saki igiya. Ba shi da zunubi, ba a kiransa ɓarawo, amma saniya ba tasa ba ce, sai dai ya bi wanda ya sayar masa. Sandar da aka miƙa wa Johnson ta riga ta biyo ta hannun mai maguɗi, ratar da ya tarar an ba shi kuwa akwai haram a cikinta. Shi kansa ya gane haka, gama tun kafin hukumar ta yanke hukunci ya ce zai mayar da tasa lambar. Wannan abin a yaba masa ne.

Har wa yau akwai mai cewa, in dai kowane tsohon zance za a riƙa tonowa, yaushe za a huta? Gaskiya ne, ba a barin ƙofar ƙara a buɗe har abada. Malaman Malikiyya sun yi maganar hauzi, watau idan mutum yana gari, yana ganin wani bare na noma gona shekara goma, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to, ba a sauraron ƙararsa bayan wannan. Masu shirya wasanni ma suna da irin wannan iyaka: a lokacin shekara takwas ce, daga 2015 aka mai da ita goma. Amma hauzi yana cin wanda ya sani ne ya yi shiru. Bada da 'yan'uwansa ba su san an cuce su ba, abin yana ɓoye cikin jinin wani. Kuma asirin ya tonu kafin shekara takwas ɗin su cika.

Duk da haka, wanda ya ce an biya su sarai ya yi gaggawa. A tambaya tukuna, mene ne ainihin abin da aka sace? Ba ƙarfen ba ne. Mutanen Bagega da 'Yargalma, waɗanda suka san zinariya da daɗinta da ɗacinta, in an ba su lambar nan su gwada, dariya za su yi, don azurfa ce aka shafe ta da zinariya wajen giram shida. Abin da aka sace shi ne rana guda, ranar da za a ɗaga tutar ƙasarsu sama da ta kowa, a buga takenta, dubban mutane su miƙe tsaye. Sa'an nan da abin da ke biyo bayan ranar, irin su girma a gari, da ci gaba a wurin aiki, da gayyata zuwa manyan tsere tun ƙafa tana da ƙarfi. Mai gudu shekarunsa kaɗan ne, kamar damina suke. Alkali yana iya mayar wa mutum da gonarsa, har ya sa a biya shi amfanin da aka ci, amma ba ya iya mayar masa da ƙuruciyar da zai yi noman da ita. Bada ya ɗanɗana irin wannan rana a Faris, ya san zaƙinta, ta Sidni kuwa ba ta zo masa ba, ba kuwa za ta zo ba.

Nan ne laifin ya rabu biyu. Shekara takwas na farko suna wuyan wanda ya sha magani ya ɓoye. Amma daga ran da gaskiya ta fito, aka karɓe lamba daga hannun Amurka, ba sauran ɓarawo a tsakani. Abin yana hannun masu hukunci, sun san ba na wancan ba ne, ba su kuwa miƙa wa wannan ba. Watakila suna da uzurinsu na bincike da bin ƙa'ida, gama hukuncin gaggawa shi ma yana da tasa ɓarna. Amma mai jiran hakki ba ya ganin uzuri, kwanaki yake gani suna wucewa. Irin wannan ba sai an je Turai ba. Takardar gado takan kwana a cikin akwatin ofis, ko maganar iyakar gona a ɗaga ta daga kaka zuwa kaka, ba don wani ya ci hanci ba, sai don kowa yana cewa gobe. Wanda ya ajiye takardar ba ya ɗaukar kansa azzalumi, ai bai ci kome ba. Tsoho kuwa yana ta zuwa yana komawa a ƙasa, har ran da ɗansa ne zai zo a madadinsa.

Daga Agusta na 2008 zuwa Disamba na 2011 shekara uku ne da wata huɗu. Duk tsawon wannan lokaci Sunday Bada yana nan da ransa, yana aiki da hukumar wasannin guje-guje ta Nijeriya, da an aiko da takarda da ta same shi a ofis.