Ɗan Dara Ba Ya Kuka

A ƙofar gidanmu a Jushi akwai wani dakali da samari suka mayar majalisa. Bayan sallar isha'i, musamman in an ɗauke wuta, nan ƙanina da abokansa suke taruwa. Da can hirar ƙwallo ce ke cin darensu, amma tun hutun da ya wuce suka tsiri wani abu dabam: suna so su ƙirƙiro wasa nasu na kansu. Sun samo babban kwali suka zana ƙasar Zazzau ta ƙarni na 19 a kai, ga birni da ganuwarsa, ga dutsen Kufena, ga hanyoyin fatake da suka nufi Kano da Nupe. Kowa zai ɗauki sarauta, wannan Madaki, wancan Galadima, wani Wambai. Kowane dare mai wasa zai rubuta abin da ya ƙudurta a takarda, ya naɗe, ya miƙa wa alƙalin wasa, shi kuma washegari ya karanta wa kowa abin da ya faru a ƙasar.

Na yi sha'awar abin ƙwarai. Yara ne da ake zargi da kashe lokaci a waya, sai ga su suna musu a kan kwana nawa mahayi zai yi daga Zariya zuwa Kauru, da abin da doki zai ci a tsakiyar rani. Ɗayansu ya ce haushi ne ya tunzura shi. Ya ga Sarauniya Amina a cikin wasan kwamfuta na Civilization VII da ya fito a 2025, ya ce ashe sai baƙi ne za su sa mu a wasa, mu namu kallo?

Rikicin ya taso ne a daren da suka zo tsara dukiya. Alƙalin ya ja layuka a littafi: dawakai, hatsi, wuri. Sai ya ja na huɗu, ya rubuta “bayi”. Dokar da ya kawo mai sauƙi ce: wanda ya kai hari kudu ya yi nasara zai sami bayi kaza, ya zuba su a rinji, hatsinsa ya ƙaru. A cikinsu akwai wani ɗalibi da ke karatu a Samaru, ɗan Kudancin Kaduna, wanda ya daɗe yana cin tuwo a gidanmu. Ya duƙa ya haska taswirar da fitilar waya, ya ɗora yatsa a kan wasu tsaunuka da aka zana can ƙasa, ya ce, “Nan garin kakata yake. To ni a wasan nan me zan zama?”

Majalisa ta yi tsit. Can sai ƙanina ya juyo wurina ya ce, “Yaya, ai wasa ne kawai, ko?” Ban ba shi amsa a daren ba, don ni ma ban da ita. Tun ranar nake juya tambayar: abin da mutum ya aikata a cikin wasa, yana hawa kansa ko ba ya hawa?

Bari in fara ba ƙanina gaskiyarsa, don yana da ita. Wasa yana da da'irarsa, kuma abin da ya halatta a cikinta ba lalle ya halatta a waje ba. Dattawan da ke buga dara a gindin bishiya a Sabon Gari, gurbi talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, yaudarar juna suke yi tun safe har azahar. Ka nuna kamar hagu ka nufa, abokin karawarka ya toshe can, sai ka jera uku a dama ka cinye masa ɗa. Ba wanda ya taɓa kiran gwanin dara maƙaryaci. A langa ana ture mutum ya faɗi ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe riga ana dariya, alhali da a kasuwa aka yi masa haka sai an kai ga mai unguwa. Akwai wani wasa da Ba'amurke Allan Calhamer ya fitar a 1959 mai suna Diplomacy, inda mutum bakwai ke riƙe da manyan ƙasashen Turai, su ƙulla alkawari a fili, su rubuta umarni a ɓoye, kuma da wuya ka ci ba ka saɓa wa wani ba. Masanin tarihin nan ɗan ƙasar Holan, Johan Huizinga, ya yi littafi guda a 1938 a kan wannan: cewa wasa fage ne da aka keɓe, mai lokacinsa da dokokinsa.

Amma me ya sa yaudarar dara ba ta zama zunubi? Saboda su biyun sun yarda da ita tun kafin su zauna. Kuma ɗan daran da aka cinye tsakuwa ce ko guntun kara. Ba shi da uwa, ba shi da gari, ba ya kuka. Da zarar ka rubuta sunan wani ƙauye na gaske a kan tsakuwar, ka shigo da mutanen da ba su zauna a dakalin ba, ba a kuma tambaye su ba. Yardar da ta wanke dara ba ta kai gare su ba.

Su kansu yaran sun san haka, ko da ba su faɗa ba. A farkon shirin nasu wani ya kawo shawarar a raba 'yan wasa bisa gidajen sarautar Zazzau huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Nan take suka ƙi, wai kada a ce gidan wane ya ci amanar gidan wane, magana ta fita waje ta zama abin da ba a so. Ashe sun gane cewa wasa yana iya taɓa mutuncin masu rai. Sun gane haka game da masu rawani, sai da aka zo kan mutanen tsauni ne aka tuna cewa wasa ne kawai.

Akwai kuma abin da ya raba wasa da labari. Mai karanta labari ɗan kallo ne, yana iya tsine wa azzalumi yana ci gaba da karatu. Mai wasa shi ke yanke hukunci da hannunsa, kuma doka ce ke gaya masa abin da ya dace ya so. In dokar ta ce duk wanda ya fi kama mutane shi ne gwani, to dare talatin yaro zai yi yana lissafin yadda zai ƙara kamu, yana murna in ya dace. Ba na cewa zai tashi ya zama ɗan fashi. Abin da nake tsoro ya fi haka ɓoyuwa: ido ya saba da ganin mutum a layi ɗaya da hatsi da wuri. Wannan sabon ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne idon da ke ƙirga mutanen unguwa da yawan ƙuri'a, da wanda ke tare hanya yana ƙiyasta kuɗin fansar kowane fasinja.

To sai a goge layin na huɗu a huta? Wannan ita ce shawarar da mafi yawansu suka karkata gare ta washegari, kuma ta fi sauƙi. Ni dai ban gamsu da ita ba, kuma abin mamaki, shi ma ɗalibin nan bai gamsu ba. Cewa ya yi, “In kun goge, kun sake kashe su.” Zazzau ta ƙarni na 19 ba a kan dawakai kaɗai ta tsaya ba. Akwai rumada da bayi ke nomawa, akwai bayi a cikin gaisuwar da ake kai wa Sakkwato, akwai hare-hare. Turawa sun shelanta cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa. Wasan da ya nuna fada cike da hatsi bai nuna hannun da ya noma shi ba, ƙarya ya koyar, ko da da kyakkyawar niyya.

An gwada wannan dabara a wani wuri. Wasan Puerto Rico da aka fitar a Jamus a 2002 yana da wasu 'yan ƙwayoyi masu launin ƙasa-ƙasa da jirgin ruwa ke kawowa a zuba su a gonakin rake da taba, aka ba su sunan baƙi 'yan kama-wuri-zauna. Kowa ya san ko su wane ne. Canza suna bai canza aikin da mai wasa yake yi da su ba, har ta kai a 2022 aka sake fitar da wasan aka mayar da labarinsa shekarar 1897, bayan an soke bauta a tsibirin.

Kuma adabinmu bai taɓa kawar da kai daga wannan batu ba. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta shirya a nan Zariya a 1933, labarin yaro ne da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa bauta. Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta ba da labarin rinjin danginta, ta kuma ba da labarin yadda mahara suka sace wasu daga cikin dangin nata har sai da aka biya fansa. Gida ɗaya, ya mallaki bayi, an kuma kama nasa. Wannan ya isa ya nuna cewa tarihin bai rabu gida biyu tsaf ba, na masu kamu da na waɗanda ake kamawa. Wanda ya kwana ɗa yana iya wayar gari a kasuwa da igiya a wuya.

Da na rasa mafita tsakanin a bari da a goge, sai na koma ga wasanninmu na kwaikwayo, in ga yadda magabata suka yi da irin wannan. A tashe, daga goma ga azumi, yaro ne ke sa gemun auduga ya zama tsoho ko malami, ya fito da halin manya a gabansu suna dariya suna ba shi hatsi. A kalankuwa, bayan kaka, samarin ƙauye ne ke naɗa gwamnansu da alƙalinsu. A wasan gauta, matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa. A dukkansu, na ƙasa ne ke aron rigar na sama, ya sami bakin faɗin abin da ba ya faɗuwa a ranar da ba ta wasa ba. A Samaru ma, a ƙarshen shekarun 1970, malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun riƙa fita garuruwa irin su Soba da Maska, suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman, maimakon su kai musu shiryayyen labari. Gadon da muke da shi ke nan: wasa wuri ne da marar murya ke samun murya.

Daga nan na kai wa majalisa shawara guda ɗaya tak. Na ce duk abin da yake mutum ne a kan kwalin nan, to a sami mai riƙe da shi. Doki ya zama lamba, hatsi ya zama lamba, amma mutum kada ya zama lamba. In akwai ƙauye a gindin tsauni, wani ya zauna a matsayin dagacinsa, ya rubuta nasa umarnin: ya hau dutse da mutanensa, ya biya gandu a bar shi, ya haɗa kai da maƙwabta, ko ya sayar da maƙwabtan don ya tsira. In akwai rinji, wani ya zama mutanen rinjin, da damar yin murgu, da tara kuɗin fansar kai, da gudu. Kuma a riƙa juya kujeru da ƙuri'a, Madakin wannan zagaye ya san yana iya zama ɗan rinji a zagaye na gaba.

Ba su karɓa hannu bibbiyu ba. Wani ya ce, “Yaya, wa zai yarda ya ɗauki wanda ba zai taɓa ci ba? Mu wasa muke so, ba wa'azi ba.” Wannan ƙorafi ne mai nauyi. Wasan da ya koma darasi ya mutu, kuma ba laifi ba ne matashi ya so ya hau doki ya ci gari ko da a kan kwali ne. Wani kuma ya ce a jihar da ta sha zubar da jini a kan ƙabila da addini, tono wannan tarihi wasa da wuta ne. Shi ma ban iya ce masa ya yi kuskure ba. Abin da na iya cewa shi ne, wutar tana nan ko an yi wasan ko ba a yi ba, kuma gara yara su fara taɓa ta a dakali ɗaya, suna kallon idon juna, da su tsince ta a bakin mai neman tunzura su.

Sun gwada na mako biyu. Ƙuri'a ta ba ɗalibin nan sarautar Madaki, ta jefa ƙanina ƙauyen gindin tsauni. Dara ta ci gida. A dare na biyar Madaki ya kai hari, don baitulmalinsa ya bushe kuma lokacin kai gaisuwa ya matso. Alƙali ya karanta sakamako: an kama mutum tara. Ƙanina, wanda ya ɓata dare biyu yana raɗa wa mutanen ƙauyensa sunaye a bayan littafi, ya tambaya su wane ne taran. Alƙali bai shirya wa wannan tambaya ba, dole aka sake jefa ƙuri'a suna bayan suna. Da aka gama, Madaki bai yi murna ba. Ya ce shi bai so ba, lissafi ne ya tilasta shi. Ƙanina ya ce, “Haka su ma suka ce.”

Har yanzu wasan bai kammala ba. Sun maƙale a kan doka ta ƙarshe, wato yadda za a san wanda ya ci. Masu sarauta sun ce a ƙirga ƙasa da dawakai. Masu ƙauyuka sun ce a ƙirga mutanen da suka kai ƙarshen wasa suna gidajensu. Jiya da dare na wuce su zan shiga gida, an kawo wuta amma ba wanda ya tashi, suna nan a kan kwalin, ƙanina yana ƙoƙarin shawo kan Galadima ya ranta masa wuri ya fanso mutum uku daga cikin taran.