Teburin Abokai da Teburin Caca



Kowace shekara, da zarar an gama girbin gero da shinkafa, 'ya'yanmu da yawa sukan nufi Abuja da Legas, waɗansu neman aiki, waɗansu karatu, waɗansu fatauci. Wanda Allah ya buɗa wa hanya, abokai sukan gayyace shi cin abincin dare a manyan otal-otal, inda ɗakin cin abinci yake jingine da ɗakin caca na alfarma da ake kira kasino. To, mai bi ya amsa irin wannan gayyata, ko ya ƙi? Tambaya ce mai nauyi, ta kuma cancanci amsa ta gaskiya.

Da fari, cin abinci tare da abokai abu ne mai kyau a gaban Allah. Ubangijinmu ya halarci biki a Kana, ya ci a gidan Lawi da gidan Zakka, ya sauka wurin Marta da Maryamu, har magabtansa suka zarge shi da yawan ci. A kan tebur ne ya bar mana Jikinsa da Jininsa. Zumunta a ƙafa take, ba ma hana kowa zama da abokansa.

Amma mu tambayi kanmu: don me aka kafa wannan ɗakin abinci a bakin ƙofar caca? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A yawancin irin waɗannan gidaje, abinci da abin sha tsaba ce da aka watsa domin tsuntsu ya sauka. Akan karɓi kuɗin mutum a musanya masa da 'yan kwalaye masu launi, don kada ya ji zafin rabuwa da guminsa. Sau da yawa babu agogo a bango, babu taga, har gari ya waye bai sani ba. Ku dubi faifan da ake juyawa, wanda ake kira rulet. Gurabunsa 37 ne, daga 0 zuwa 36, amma wanda ya ci lamba ɗaya, ninki 35 kaɗai ake biyansa. Wato idan wasa ya yi tsawo, cikin kowace naira 37 da aka aza, naira 1 ta mai gida ce. Lissafi ne aka tsara tun kafin baƙo ya zauna. A ƙasar Monako, inda shahararren gidan caca na Monte Karlo yake, doka ta hana 'yan ƙasar yin caca a cikinsa. Mai tuwo ya san abin da ya zuba a miyarsa.

Me Ikilisiya take koyarwa? Katakizim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a shekarar 1992, ya yi bayani a lamba ta 2413. A taƙaice, wasan sa'a shi kaɗai bai saɓa wa adalci ba. Yakan zama laifi sa'ad da ya hana mutum abin biyan bukatarsa da ta waɗanda suke wuyansa, son sa kuma yana iya mai da mutum bawa. Maƙwabtanmu Musulmi sun haramta caca gaba ɗaya, tun shekarar 2000 kuwa Jihar Kebbi tana bin shari'ar Musulunci. Kada wani ya ce mu an sassauta mana. An ɗora alhakin ne a kan lamirinmu, lamiri kuwa alƙali ne da ba ya karɓar toshi.

Saboda haka, kafin ka zauna a wancan tebur, ka tuna da waɗanda ba a gayyata ba. Kuɗin da za su narke a dare ɗaya, su ne kuɗin takin gonar mahaifinka a Dalijan, su ne kuɗin makarantar ƙanwarka, su ne maganin zazzaɓin ɗanka. A Bisharar Luka sura 16, ba a ce mai arziki ya bugi Li'azaru ba, ba a ce ya kore shi ba. Ya ci ya sha kowace rana, matalauci yana kwance a ƙofarsa, bai waiwaye shi ba. Sau da yawa Li'azarunmu ba baƙo ba ne; matarmu ce, ko tsohuwar da ta haife mu, tana jiran aike. Mu tuna kuma cewa a gindin gicciye, lokacin da Mai Ceto yake zubar da jini, sojoji suna can sun duƙufa jefa ƙuri'a a kan rigarsa. Haka caca take yi: ta sa idon mutum a ƙasa, ya kasa ganin mai shan wuya kusa da shi.

Kada mu da muke ƙauye mu ce wannan zancen mutanen birni ne. Yau gidan caca ya shigo aljihunmu ta wayar hannu. Saurayi yana zaune a gindin dalbejiya a Kalgo, yana aza kuɗin albasarsa a kan ƙwallon da ake bugawa a Ingila. Shi ko abincin ma ba a ba shi ba, amma tarkon ɗaya ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ga gargaɗinmu. Idan abokai suka gayyace ka, ka amsa zumunci, amma ka nemi a ci a wani wuri dabam. Abokin kirki ba zai ƙi ka saboda haka ba. Idan tilas ta kai ka, ka ci ka yi godiya ka fita, kada kunya ta ja ka zuwa ɗaya ɗakin. Kada ka taɓa kuɗin iyali, ko na amana, ko na bashi. Wanda ya riga ya faɗa ciki, har ya fara ɓoye wa matarsa gaskiya, ya zo wurin Fada ya furta zunubinsa, ya kuma nemi wani dattijon Ikilisiya ya riƙe masa hannu. Ku iyaye, da katakis, da Zumuntar Mata, kada ku yi wa irin wannan ɗan'uwa dariya. Ku jawo shi da ƙauna.

Wanda kuma Allah ya wadata, yana marmarin yin liyafa, Ubangiji ya nuna masa waɗanda zai kira a Luka sura 14: matalauta, da guragu, da makafi, waɗanda ba su iya rama masa. Wannan shi ne teburin da ba a tashi daga kansa da hasara.

Allah Uba, wanda yake ciyar da mu a bagadensa ba da kuɗi ba, ya ba mu wadar zuci, ya tsare 'ya'yanmu da suke baƙunci, ya komo da su gida lafiya. Uwarmu Maryamu ta yi roƙo dominmu. Amin.