Mai Ciwon Baya da Aikin Jiyya

A ce ga wata yarinya ta gama makaranta, ba abin da ta ke so kamar aikin jiyya, amma tana da ciwon baya, likita ya hana ta ɗaukar abu mai nauyi. Shin ya kamata ta shiga wannan aiki, ko kuwa ta haƙura?

Kada mu yi gaggawar ce mata ta shiga. Majiyyacin da ba ya iya motsi, a kan juya shi kamar bayan kowace awa 2, don kada kwanciya ta yi masa gyambo. A kan ɗaga shi a yi masa wanka, a kan sauke shi daga gado. In hannun mai jiyya ya saki, wanda zai faɗi bawan Allah ne da ya ba ta amanar jikinsa. Saboda haka ɓoye ciwon a ranar ɗauka cin amana ne tun ba a fara aikin ba.

Amma fa wanda ya ce jiyya ƙarfin damtse ce kaɗai, bai san ta ba. Ku dubi Florence Nightingale, mutuniyar Ingila. A 1854 ta tafi jiyyar soja a yaƙin Kirimiya, can zazzaɓi ya kama ta. Bayan ta komo gida a 1856 ta yi shekaru da yawa galibi a kwance. Duk da haka a 1860 ta kafa makarantar koyon jiyya a asibitin St Thomas na birnin Landan, tana shirya al'amura da alƙalami daga ɗakinta. Ko masu lafiya ma yanzu gargaɗinsu a ke yi kada su ɗaga babban mutum su kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da yawa cikinsu ai a bakin aiki suka samo nasu ciwon bayan.

Inda wuyar ta ke shi ne lokacin koyo, gama ɗaliba sai ta zaga kowane ɗaki, har da kwanan aiki, sa'ad da hannuwa su ke kaɗan. Abin da ta kasa ɗauka, abokiyar aikinta zai komawa, ita ma kuwa tana da haƙƙi.

Ni a ganina ta tafi da takardar likita, ta faɗi gaskiya. In sun karɓe ta a kan haka, ta nufi wajen allurar rigakafi, ko awon masu ciki, ko koyarwa. In sun ce ba hali, akwai awon jini da haɗa magani, waɗanda ba su da ɗaukar mutum.