Guzuri da Tawakkali a Tsakiyar Teku

A ranar 26 ga Oktoba 2010, wani injiniya ɗan ƙasar Polan mai suna Aleksander Doba ya bar gaɓar Dakar shi kaɗai a cikin kayak, wato siririn kwale-kwalen nan na mutum ɗaya da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Shekararsa 64 a lokacin. Bai sake taka ƙasa ba sai bayan kwana 99, a arewacin Barazil, ya ratsa ruwa na fiye da kilomita 5,000 da ƙarfin damtsensa.

Masu jin labarin sukan tsaya a kan jarumtar, alhali rabin aikin tun a tudu ake gama shi. Mai irin wannan tafiya yakan lissafa abincin kowace rana, busasshe marar nauyi, ya ƙara na ko-ta-kwana. Ruwan teku ba ya shawuwa, don haka sai da na'urar tace gishiri, da wata ta hannu ko da ta lantarkin ta lalace. Akwai farantan sola, wayar tauraron ɗan'adam, na'urar da ke aika saƙon neman agaji, da allura da zare na ɗinke rauni, tunda babu likita sai kai. Yakan shafe watanni yana nazarin iska da igiyar ruwa, yana koyon yadda zai miƙar da jirgin in ya kife da shi. Jirgin Doba kansa, mai tsawon mita 7, an ƙera shi da ɗan ɗaki da zai kwanta ya rufe kansa idan teku ta yi fushi.

A nan tambayar take. Mutumin da ya yi wannan lissafi duka, me ya rage wa tawakkali? Ko kuwa yawan shiri alama ce ta raunin dogaro ga Allah, kamar yadda wasu ke raya wa ransu?

Tarihin Musulunci bai bar wannan a duhu ba. Bukhari ya ruwaito cewa wasu mutanen Yaman sukan taho aikin Hajji babu guzuri, suna kiran kansu masu tawakkali, in sun iso Makka kuma su koma roƙon mutane. A kansu aka saukar da umarnin yin guzuri da ke cikin Suratul Baƙara. Hijira ma darasi ce ga duk mai shirin doguwar tafiya. Sayyidina Abubakar (RA) ya tanadi raƙuma biyu tun kafin lokaci. An ɗauki hayar gwanin hanya, Abdullahi bn Uraiƙiɗ, wanda a lokacin ba Musulmi ba ne, saboda ya san sahara. Madina tana arewa, amma sai aka fara nufar kudu, aka ɓuya kwana uku a kogon Sauru, Asma'u 'yar Abubakar tana kula da abinci, ɗan'uwanta Abdullahi yana kawo labarin abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa. Wanda ya fi kowa dogaro ga Ubangijinsa, Annabi (SAW), shi ne ya tsara wannan duka.

Imam Gazali, da ya zo kan tawakkali a cikin Ihya'u, ya nuna cewa hali ne na zuciya, kuma barin sababin da aka tabbatar yana aiki ba ya cikinsa. Hannu yana ɗaure kaya, zuciya ba ta jingina ga kayan ba.

Sai dai teku tana da wata tambaya da ta fi wannan wuya. Andrew McAuley, ɗan Ostireliya, ba ɗan koyo ba ne. Ya riga ya ratsa mashigin Bass da mashigin Carpentaria a kayak. A Disamba 2006 ya fara yunƙurin ƙetare Tekun Tasman zuwa New Zealand, tafiyar kusan kilomita 1,600, sanyi ya sa ya juyo tun da wuri. Ya gyara abin da ya gani, ya sake fita daga Tasmaniya a ranar 11 ga Janairu 2007. Ya kwashe wata guda yana fama da guguwa, yana kwana a cikin jirgin ƙarƙashin wani murfi da aka ƙera masa. A daren 9 ga Fabrairu aka ji saƙonsa na neman agaji a rediyo, ba ya fita sosai. Washegari aka tsinci jirgin a kife, kimanin kilomita 56 daga gaɓar Milford Sound, inda matarsa da ɗansa ƙarami suke jiran isowarsa. Ba a ga gawarsa ba har yau.

Doba ya shirya ya isa, McAuley ya shirya bai isa ba. Wanda ya ɗauki shiri a matsayin kuɗin sayen tsira, wannan labari zai rushe masa lissafi. Mumini kuwa tun farko bai ƙulla wannan ciniki ba. Yana shiri ne domin ransa amana ce a hannunsa, za a tambaye shi abin da ya yi da ita. Sakamako kuma ba a taɓa damƙa masa ba. Wannan ne ma ke ba shi damar runtse ido da dare a kan ruwan da zurfinsa ya kai kilomita huɗu, domin wanda ya jingina ga na'urorinsa kaɗai, kowace ƙara ta jirgi za ta tsinka masa zuciya.

A ganin mai wannan rubutu, gwaji mafi tsanani shi ne juyowa. Mutum ya tara kuɗi, 'yan jarida sun ɗauki hotonsa, sai ga sama ta canza. A nan girman kai yakan ari rigar tawakkali ya ce a ci gaba. Sayyidina Umar (RA) ya kai Sarga a hanyarsa ta Sham, aka gaya masa annoba ta ɓarke a can Sham ɗin. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, sannan ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuma ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Doba ya san irin wannan ɗacin: a 2016 igiyar ruwa ta lalata masa jirgi kusa da New York kwanaki kaɗan da fita, ya haƙura ya koma gida, sai a 2017 ya ratsa zuwa Faransa yana da shekara 70.

Ko ya dace mutum ya jefa ransa a haɗarin da babu larura a cikinsa, wannan magana ce da malamai ke aunawa da rinjayen zato: in tsira ta fi rinjaye bisa ƙwarewa da tanadi, da sauƙi; in halaka ta fi, an shiga abin da aka hana. Haƙƙin mata da 'ya'ya ma yana kan ma'aunin, kuma taswirar iska ba ta nuna shi.

Wannan muhawara ba ta masu yawon teku kaɗai ba ce. A watan Mayu 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a Kogin Neja kusa da Wara a jihar Kebbi, kaya sun yi masa yawa, gomman mutane suka rasu, galibinsu masu neman abinci ne. An yi ta'aziyya, an ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne. Amma ƙidaya fasinja kafin a kwance igiya, da tanadar rigunan ceto, da hana tafiyar dare, suna cikin abin da aka ɗora wa masu jirgi da hukuma, kuma har yanzu akwai mashigai da dama a Kebbi da Neja da Kwara inda ake loda mutane ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan matakan ba.