Shin Marubuci Na Da Haƙƙin Tona Asirin Gida?

Mu da muke riƙe da alƙalami mun san cewa babu inda ƙagaggen labari yake samo kayan aiki kamar tsakar gida. To amma mutanen gidan fa, an nemi izininsu? Wannan tambaya ta daɗe tana ci wa marubutan Ingila 'ya'yan baƙi tuwo a ƙwarya.

Mu ɗauki Hanif Kureishi, wanda mahaifinsa ya fito daga yankin Indiya da Pakistan, mahaifiyarsa kuwa Baturiya ce. A 1990 ya fitar da The Buddha of Suburbia, labarin Karim, saurayi ruwa biyu a bayan garin Landan. Littafin ya ci lambar Whitbread. Amma a 1998 'yar'uwarsa ta rubuta wa jaridar Guardian tana kukan cewa ya sayar da mutuncin iyalinsu, ya kuma zana su ba yadda suke ba.

Sai kuma Monica Ali, haifaffiyar Dhaka wadda ta tashi a Ingila. Littafinta Brick Lane na 2003 ya bi rayuwar Nazneen, 'yar ƙauyen Bangaladash da aka aurar wa Chanu, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, aka kawo ta Landan. A 2006 wasu mazauna unguwar suka yi zanga-zanga, suna cewa an ci zarafin mutanen Sylhet, har masu shirya fim ɗin littafin suka fasa ɗaukar hoto a titin.

A ganinmu koke-koken biyu ba ɗaya ba ne. Maganganun raini kan 'yan Sylhet daga bakin Chanu suka fito, mutum mai cika baki wanda labarin da kansa yake yi wa dariya. Idan za a kama marubuci da duk abin da taurarinsa suka furta, to babu mai sake ƙirƙiro mugu ko wawa. Kuma al'umma tana da bakuna dubu na mayar da martani.

Iyali kuwa fa? Maƙwabta sun san su, sauya suna ba ya ɓoye kowa. Marubucin yana da maɗaba'a da ɗimbin masu karatu, 'yar'uwa kuwa wasiƙa guda ce makaminta. A nan ne uzurin "ai ƙage ne" yake yi mana rauni, domin da tunanin mai karatu cewa gaskiya ce aka ci kasuwa, sannan da aka zo ƙorafi aka fake da ƙage. Ba mu ce Kureishi ya ajiye alƙalami ba, littafin ya yi armashi ƙwarai. Sai dai da mu ne, da mun kai rubutun gida an karanta kafin ya tafi maɗaba'a.