Rabon Yara a Cikin Amfanin Kaka

Sa'ad da kaka ta yi a ƙasar Kirikasamma, manya su kan duba rumbu, yara kuwa su kan duba abin da aka zubar a bakin rumbu. 'Yan maza su kan feƙe karan dawa su yi mota da kwalekwale. 'Yan mata su kan ɗauki totuwar masara, su naɗe ta da ɓawon da aka jiƙa ya yi laushi, su ɗaure wuya da zaren kaba, su yi mata kitso da gemun masara, kana su goya ta da tsumma. Wannan ita ce 'yar tsanar ƙauye. Tambayar da na ke so mu yi tunani a kanta ita ce: a shekarar da abinci ya yi wuya, daidai ne a bar yara su yi wasa da abin gona, ko kuwa ɓarna ce?

Ba da ka na ke yin wannan tambaya ba. A kakar 1922 ba a haife ni ba, amma ta 2022 na gan ta da idona, shekarar da ruwa ya cinye gonaki daga Ringim har Auyo, da Hadejia, da Kirikasamma, da Guri. Ɗan ɓawon masarar da na samu na tara shi domin awaki. Wata rana da maraice na tarar 'yata, mai shekara shida, ta ɗebi ɓawon ta yi 'yar tsana, tana lallashinta. Na fizge, na jefa wa akuya, na ce, "Ba ki san halin da mu ke ciki ba?" Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallo har akuya ta gama ci. Da dare uwarta ta ce mini, "Maigida, to, akuyar ta ƙoshi?" Ban sami amsa ba.

Kada mu yi saurin ba mai tsanantawa laifi, gama yana da hujja. A wurinmu kara ba shara ba ne. Da shi a ke yin danga da jinka, da shi a ke hura wuta, ganyensa kuma shi ne abincin dabba da rani. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Hadejia ta sāke, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, manomi ba ya sanin ko ambaliya za ta zo masa ko ƙarancin ruwa. Wanda ya rayu haka dole ya koyi tattali, kuma wajibi ne ya koya wa 'ya'yansa.

Amma tattali daban, rowa daban. Mai tattali ya kan auna abin da zai rasa da abin da zai samu. Marowaci ba ya awo, hanawa kawai ya sani. Da na auna a ran nan, da na ga ɓawon bai cika tafin hannu biyu ba, abin da na ƙwace wa yarinyar kuwa aikin yini guda ne, da murnarta duka. Na kira abin tattali, alhali kuwa tsoron gobe ne ya cika mini zuciya, na huce a kan wadda ba ta da ƙarfi.

Kakanninmu sun san wannan iyaka, shi ya sa su ka bar al'adar kala: in an gama girbi, abin da ya saura a gona na marasa gona ne. Haka kuma aka umarci Isra'ilawa a Littafin Firistoci sura 19, kada su girbe gona har gefenta, da irin wannan kala ce Rut ta ciyar da surukarta. Yaro ba shi da gona, ba shi da rumbu. Totuwa da ɓawo da sillen kara su ne kalarsa. Hatsi na gida ne, a tsare shi, a kuma tsawata wa yaron da ya taɓa shi. Abin da ya ragu bayan hatsi kuwa, akwai rabon yara a ciki.

Ba kuwa asara ba ce. Yarinyar da ta ɗaura wa totuwa zane tana koyon ɗauri da kitso da goyo, tana koyon lura da abin da ba zai iya biyanta ba. In akuya ta ci, ko gara ta ci, ta kan yi wata da hannunta, ba ta jiran a sayo mata ta roba daga kasuwa. Har a Amurka, Irokwa, waɗanda su ke noman masara tun kafin zuwan Turawa, su kan yi 'yar tsana da ɓawonta, ba su kuwa yi mata fuska, suna koya wa yara da ita cewa kada mutum ya yi fahariya da kyansa.

Saboda haka, ya 'yan'uwa iyaye, in kun ɓare masara bana, ku ware ɗan tsibi ku ce wa yara, "Wannan naku ne." In da hali ku zauna tare da su ku riƙe musu zare. Ni dai washegari na jiƙa ɓawo da kaina, na kira 'yata na ce ta koya mini. Ta dube ni, ta ce, "Baba, ba haka a ke ɗaure wuyan ba." Na miƙa mata, ta gyara.