Magidanci da Faifan Roba: Shin Wasa Ɓata Lokaci Ne?

A shekarar 1975 aka kafa filin dindindin na farko na wasan golf na faifai a lambun shaƙatawa na Oak Grove, kusa da birnin Pasadena a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wasan ba shi da wuyar bayani. Mutum zai tsaya a wurin da aka shata, ya wurga faifan roba zuwa ga wani abin nufi da ke can nesa tsakanin itatuwa. Inda faifan ya faɗi, daga nan zai sake jifa, har ya kai. Da farko sanduna ake jifa, daga baya Ed Headrick, wanda ya tsara filin, ya ƙirƙiro kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi da ke tare faifan ya zube ciki, ya kuma yi masa rajista a 1977. Wanda ya kewaye kwandunan da mafi ƙarancin jifa shi ya ci. Cikakken fili kwando 18 ne, gajere kuwa 9, kuma ana iya gama gajeren cikin kimanin awa guda. Yawancin filayen suna cikin lambunan jama'a ne, ba a biyan ko sisi a shiga. Wasan ya bazu ƙwarai a Amurka da ƙasar Finland.

Ba wasa ne da mutanen garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, suka saba da shi ba, kuma ba tallarsa ta sa na ɗauko shi ba. Na ɗauko shi ne domin ya fi ƙwallon ƙafa dacewa da gwada wata tambaya da muke ɗauke da ita a zuci ba tare da mun zauna mun warware ta ba. Ƙwallo tana da hujjojin da take fakewa a bayansu: ɗan wasan Nasarawa United sana'a yake yi, yana ciyar da iyali, yana ɗaga sunan jiha. Dambe da kokawa suna da jarumta da tarihi. Jifan faifai ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan aka ga magidanci mai furfura, bayan la'asar, yana bin faifan roba daga gindin mangwaro zuwa gindin darbejiya, abin da za a ce a majalisa sananne ne: wane ba shi da aikin yi. A bayan wannan magana akwai wata aƙida mai nauyi, cewa za a tambayi bawa yadda ya ƙarar da rayuwarsa, don haka duk sa'ar da ba ta kawo lada ko riba ba asara ce. Farkon maganar gaskiya ne. Ƙarshenta ne nake ganin ba ya tsayawa idan aka auna shi da hujja.

Masu tsananta wa wasa ba da ka suke magana ba, kuma ya kamata a ba hujjarsu haƙƙinta. Alƙur'ani ya siffanta rayuwar duniya da wasa da shagala a wurare da dama, a Suratul An'am da Ankabut da Muhammad da Hadid. Akwai hadisin da ya kira duk abin da mutum ke shagala da shi ɓataccen abu, in ban da harbin kibiya da horar da doki da wasa da iyali. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda duk almajirin zaure ya sani, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, ta halatta tseren dawaki da raƙuma da gasar harbi. Mai karatu zai iya cewa ga ƙa'ida ta fito fili: wasan da ke shirya mutum ga yaƙi ko gyara gida shi aka yarda da shi, saura kuwa a bar wa yara. Akwai ma hujjar da ta fi waɗannan kusa da batunmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mugaffal cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana jifa da tsakuwa da 'yan yatsu, saboda ba ta farauto nama, ba ta illata maƙiyi, sai dai ta karya haƙori ko ta tsiyaye ido. Wanda ke neman nassin da zai hana jifan faifai a cikin jama'a ba zai sami wanda ya fi wannan ba.

Sai dai idan aka bi ayoyin a hankali, abin da suke zargi shi ne mutum ya ɗauki duniya a matsayin ƙarshen zance. Dukan rayuwar duniya suka siffanta, da dukiyarta da 'ya'yanta da adonta, kuma ba wanda ya fahimci cewa sun haramta dukiya ko haihuwa. Ayar ƙarshe ta Suratul Jumu'a ta fi kowace bayyana wannan. Ta zargi waɗanda suka watse suka bar Annabi tsaye yana huɗuba domin sun ga fatauci ko abin shagala, ta jera biyun a wuri ɗaya. Fatauci halal ne da nassi. Laifin yana ga lokacin da aka yi shi da abin da aka bari dominsa. Idan haka ne, mai awon riɗi ko dillalin doya a kasuwar Lafiya da ciniki ya ɗauke masa hankali har sallah ta wuce shi, ya fi shiga cikin zargin ayar a kan wanda ya sallaci la'asar cikin jam'i, ya yi wasansa, ya dawo kafin magariba. Mun saba yi wa na farko uzuri saboda yana neman kuɗi, mu ɗora wa na biyu laifi saboda ba ya nema. Wannan ma'auni namu ne, ba na ayar ba.

Aikin Annabi da kansa ya ƙara fayyace lamarin. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha har sau biyu, ta tsere masa da farko, ya tsere mata bayan shekaru. Mutanen Habasha sun yi wasa da māsu a cikin masallacinsa, ya tsaya yana kāre A'isha tana kallo har ta gaji da kanta, kuma da Umar ya so ya hana su sai ya ce a ƙyale su. Sahabi Hanzala ya zo yana tsoron ya zama munafuki, don zuciyarsa takan tashi a majalisin Annabi amma ta sauko idan ya koma cikin iyali da gona; amsar da ya samu ita ce kowane hali da sa'arsa. Salmanul Farisi ya tilasta wa Abu Darda'i ya ci abinci ya yi barci, yana tuna masa cewa ransa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. A Suratu Yusuf, da 'yan'uwa suka nemi a bar ƙanensu ya bi su ya yi wasa, Annabi Yaƙubu bai ce wasa aibu ne ba. Kewar ɗansa da tsoron kerkeci ya ambata. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna hadisin nan na ɓataccen wasa a cikin Ihya'u, ya nuna cewa kiran abu marar fa'ida daban yake da haramta shi, ya kuma kafa hujja da wasan Habashawa, wanda ba ya cikin ukun da aka ambata amma aka yi shi a gaban Annabi. Shi ne kuma ya gargaɗi iyaye cewa hana yaro wasa bayan makaranta yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira.

To ina aka bar hadisin tsakuwa? A ganina shi ne ya fi koya mana yadda za a yi wasan. Dalilin hanin yana cikin hadisin: cutarwa ga wanda bai ji ba bai gani ba. Faifan da ake jifa mai nisa da shi yana da kaifin baki, nauyinsa kan kusanci giram 175, kuma idan ya sami yaro a fuska zai ji masa ciwo. Dokokin wasan sun san da haka, shi ya sa suka wajabta wa mai jifa ya dakata har sai ya tabbatar ba kowa a gabansa. Mai wucewa da mai zaman hutu su ke da fifiko, ɗan wasa shi zai jira. Wannan ladabi Musulmi ya riga ya san shi daga umarnin da aka yi wa mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, cewa ya riƙe tsininsu don kada ya soki wani, da kuma haƙƙoƙin hanya da aka ɗora wa masu zama a bakinta. Akwai wani abu kuma da ya cancanci a lura da shi. A wasan yau da kullum babu alƙali. Kowa shi ke ƙirga jifansa, kuma idan faifai ya faɗa bayan kurmi inda abokai ba sa gani, ba abin da zai hana mutum gusar da ƙafarsa taku ɗaya sai kunyar kansa da tsoron Allah. Ban ce wasa makarantar tarbiyya ce ba, don mutum na iya yin gaskiya a fili ya yi ha'inci a ofis. Amma abin da ke sa mutum ya riƙa faɗin gaskiya a kan kansa a inda ƙarya ba za ta tonu ba, bai kamata a jefa shi cikin sahun aikin banza da gaggawa ba.

Za a iya cewa, to a halatta shi domin motsa jini, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ga hawan jini da ciwon sukari sun yi yawa. Gaskiya ne, kuma tafiyar kwando 9 tana taimakawa. Amma ba na so a jingina halaccin wasa ga takardar likita kaɗai. Tseren Annabi da matarsa ba magani aka rubuta masa ba. Farin ciki mai tsabta ni'ima ce da ake gode wa Allah a kanta, kuma ba sai ta zo da wata riba a bayanta kafin ta halatta ba. Iyakokin dai uku ne da malamai suka daɗe da shatawa: kada wasa ya ci lokacin farilla ko haƙƙin wani, kada ya cutar, kada caca ta shiga.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan ra'ayi ba daga littafi take fitowa ba, daga aljihu take. Mai cewa ana fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, wa yake ta lambu, yana da gaskiyarsa. Amsata ita ce wasa ba ya jiran a ƙoshi, kuma ba ya mutuwa don an hana shi fili. Wuri yake sauyawa. A da, kowace unguwa tana da dandalinta, inda samari ke langa da kokawa, 'yan mata ke gaɗa, dattawa ke dara a gindin itace. Tun ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa aka mai da Lafiya babban birninta, garin yake faɗaɗa ta hanyar Jos da ta Makurɗi da ta Shendam da ta Doma, ga ma'aikatu, ga jami'ar tarayya da ta jawo dubban ɗalibai, fuloti ya yi daraja. A irin wannan yanayi filin da ba a gina komai a kansa ba shi ake fara yankawa, domin ana ganinsa kamar dukiyar da aka bari tana lalacewa. Saurayin da ya rasa inda zai yi gudu ba ya komawa zaure ya buɗe littafi saboda haka. Galibi yana komawa kan waya ne ko shagon cacar ƙwallo, inda iyakokin nan uku suke rushewa gaba ɗaya: lokaci ya tafi, kuɗi su tafi, jiki yana zaune. Mai wa'azin da ke yaƙi da caca, da ya duba da kyau, da ya zama na farko wajen kāre filin unguwa.

Fiƙihunmu ma bai ɗauki filin da ba kowa a kansa a matsayin marar amfani ba. Annabi ya keɓe makiyayar Naƙi'u don amfanin jama'a, Umar ya keɓe ta Rabaza. Malaman Malikiyya, a babin raya mataccen fili, sun yi bayanin haramin gari, wato kewayen da mutanensa ke itace da kiwo a ciki, wanda ba a yarda wani ya mallake shi shi kaɗai ba. Gaskiya kiwo da itace suka ambata, ba wasa ba, amma ƙa'idar ita ce akwai buƙatun da jama'a ke tarayya a cikinsu waɗanda ba sa biyuwa sai da ƙasar da ba ta kowa ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ma amana ta kira abin da ta damƙa wa gwamna, domin amfanin kowa. Kuma a gari irin Lafiya, inda Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili da Hausawa da Fulani da Tibi suke cuɗanya, Musulmi da Kirista, wuraren da ake haɗuwa ba don ciniki ko siyasa ba kaɗan ne. Maƙwabcinmu Kirista yana da tasa hujjar: littafin Zakariya, a sura ta 8, ya sanya tsofaffi zaune a dandalin birni da yara maza da mata suna wasa a cikinsa a matsayin alamar garin da Allah ya yi wa albarka.

Abin da ake bukata ba babba ba ne. Mai kuɗi yana da kulob da wurin motsa jiki na biya. Wanda ba shi da su ne fili na kyauta yake yi wa amfani. Gajeren filin faifai ba ya son siminti ko sare itace, itatuwan ma su ne daɗin wasan, kuma kwando 9 aikin mai walda ne na 'yan kwanaki. Ko ba a kafa kwando ko ɗaya ba, filin da aka bari da inuwarsa zai ɗauki masu langa da masu ƙwallo da tsofaffi masu tattaki, kuma ana iya ware wa mata lokacinsu ko ɓangarensu, tunda su ne suka fi kowa rasa wurin fita. Sharaɗin kawai shi ne a shata shi a taswirar sabbin unguwanni tun kafin a raba fuloti, a rubuta shi da sunan jama'a, masarauta da masu unguwanni da limamai da fastoci su san da zamansa, domin ranar da wani ya zo da takarda da bulo a sami waɗanda za su tambaye shi wa ya ba shi.